'Ya'yan Kaka Fanne Biyar

Nguru,
6 ga Mayu, 2024.

'Yata Uchechi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da Baba Cletus da duk mutanen gida. Yaya zafin Gashua? Namu na nan ya isa, sai dai godiya.

Kin tambaye ni a waya yadda ake ɗaukar tarihin baka, layi ya yanke kafin in ba ki amsa, shi ya sa na zauna na rubuta. Mutane da yawa, har da masu digiri, sun ɗauka aikin shi ne ka ajiye na'ura a gaban tsohuwa, ka karanto mata tambaya goma, ta ba ka amsa goma, ka kashe ka kama hanya. Ni ma haka na ɗauka da fari. Na taɓa tambayar wata tsohuwa a Jajimaji sana'arta, ta ce, "Ni ba ni da sana'a, zaman gida nake." Na rubuta haka, na yi mata godiya. Sai a tasha wani ya ce mini rabin mutanen unguwar a hannunta aka haife su. Ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyarmu ta malamai za ta fitar da littafin labarin mata ashirin na ƙauyukan da ke tsakanin Nguru da Gashua, kowace da bakinta. Abin da ya tunzura mu shi ne, duk rubutun da na samu a kan yankin nan sunayen maza ne daga bango zuwa bango. Mata kuwa sai ka ce ba su taɓa dashen shinkafa ba, ba su taɓa riƙe gari ba sa'ad da maza suka tafi ci-rani. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Malam Abatcha, tsohon hedimastana da ke nan Gashua wurinku, shi ne mai tace littafin, duk abin da kika rubuta shi za ki kai wa. Mutumin kirki ne, sai dai yana son komai a jere kamar rajistar aji.

Ke na ba wa Kaka Fanne, mai bandar kifi a wani ɗan ƙauye bayan Dagona. Na zaɓe ki ne don na san kunnenki tun kina aji uku. Ki tafi mata da sabulu da goro. In an kawo miki kujera ki ce tabarma kike so. In namiji ya zo ya zauna yana amsa mata tambaya, ki kashe na'urar ki yi ta gaisuwa har ya gaji ya tashi. Kada ki katse ta ko da ta bar hanya, sau da yawa a can gefen ne labarin yake.

Ni jarrabawar 'yan aji shida ta ɗaure ni, ba zan iya motsawa ba sai wata ya ƙare. Ki riƙa ba direbobin Nguru wasiƙa, suna kawo mini har bakin makaranta. Allah ya ba ki sa'a.

Malamarki,
Zulaihat Madu

*

Gashua,
11 ga Mayu, 2024.

Malamata,

Barka da aiki, barka da fama da 'yan jarrabawa. Mama tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ki zo kin ci miyar da ta yi miki alkawari ba.

Malama, na je! Kwana biyu na yi ina zuwa ina dawowa a babur. Na sami Kaka Fanne a bayan gida gaban murhun banda, hayaƙi ya rufe ta, tana lanƙwasa tarwaɗa tana soke ta da tsinke. Da na fito da na'urar ta kalle ta ta ce, "Wannan ne mai haɗiye magana?"

Na ce, "Shi ne, Kaka."

Ta ce, "To ki ce masa ya buɗe ciki, tawa da yawa. Ke kuma 'yar boko, matso daga iska, kada ki koma gida maguna su bi ki."

Awa uku ta yi ranar farko. Ta ba ni labarin yadda ta koyi banda tana shekara bakwai, da itacen da ke sa kifi ɗaci, da yadda ake gane karfasa ta bushe ta hanyar ƙwanƙwasa ta a kunne. Na tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce biyar, ta jero su: Madu, Ikrima, Hajja, Suhaib da auta Bintu.

Amma babban labarin a rana ta biyu ya fito. Ta ce shekara talatin da suka wuce ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwan da kwale-kwalensu ke bi zuwa kogi. Maza duk sun tafi kamun kifi Chadi, ba za su dawo ba sai damina. Kifi yana ruɓewa a hannu, marar lafiya babu hanyar fitar da shi. Sai, in ji ta, "wata yarinya mai taurin kai a gidanmu" ta ɗauki lauje da safe ta shiga ruwa har ƙugu, ita kaɗai. Mata suna bakin ruwa suna yi mata dariya. Washegari uku suka bi ta. Kafin kwana goma sun kai ashirin da bakwai. Malama, Kaka ta faɗi sunan kowace ɗaya a cikin waɗanda suka bi ta, da ta gidan wane ce, har da wadda ta zo da wuƙar yankan kubewa don ba ta da lauje! Ta ce matsattsaku suna manne musu a cinya, suna cirewa da toka suna komawa. Kwana goma sha tara suka yi. Ranar da kwale-kwalen farko ya wuce, yarinyar tana kwance zazzaɓi yana kaɗa ta. Bayan sati ɗaya ta rasu.

Na ce, "Kaka, yaya sunanta?"

Ta ce, "Waccan ai ba ta jin magana. Kifina zai ƙone." Ta tashi.

Na sake gwadawa da za mu rabu, ta ce in gaishe da mutanen gida. Don haka na rubuta "wata yarinya a gidansu, wataƙila 'yar riƙo". Shafi goma sha ɗaya ya kama, na kai wa Malam Abatcha jiya. Ina jin wannan babi zai fi kowane. Ko zumuɗi ne yake ɗibata?

Ki huta lafiya.

Ɗalibarki,
Uchechi

*

Gashua,
15 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Malama Zulaihat Madu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke matsayar da na ɗauka game da babi na sha huɗu, wato na Fanne mai bandar kifi.

Kin san ƙa'idata, ba na shigar da labari sai na tabbatar da shi a wurin wani babba na garin. Na aika wa Bulaman ƙauyen, ya kuma zo da kansa. Ya shaida mini abu biyu. Na ɗaya, hanyar ruwan nan gayyar maza ce ta gyara ta, shi ma yana cikinsu. Na biyu, Fanne 'ya'ya shida ta haifa, ba biyar ba. Matar da ba ta riƙe adadin abin da ta haifa ba, ba zan dogara da ita a kan kwana goma sha tara ba. Da alama tsufa ya fara taɓa ta, Allah ya sa mu gama lafiya. Ƙari a kan haka, jarumar labarin ba ta da suna. Littafin tarihi ba ya ɗaukar "wata yarinya".

Saboda haka na cire babin. Za mu fita da mata goma sha tara. Littafin zai tafi maɗaba'a a Kano ranar 30 ga wata, babu lokacin neman wata.

Game da yarinyar da kika turo, tana da ƙwazo da rubutu mai tsabta. Sai dai wannan aiki yana son 'yar gida, wadda za ta gane in tsohuwa ta fara ruɗewa. Na mayar da ita wajen buga rubutu a kwamfuta.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.

Naki,
Abatcha Alhaji
Mai tacewa

*

Gashua,
16 ga Mayu, 2024.

Malama,

Ina gaisuwa.

Na san Malam ya rubuto miki, don a gabana ya liƙe ambulan. Wai aikin 'yar gida yake so. Malama, a garin nan aka yanke mini cibiya. Da Hausa nake mafarki, da ita nake faɗa da 'yan'uwana. In na je ƙauyen su Baba a kudu, "'yar Hausa" suke ce mini. Yanzu a nan kuma ni ba 'yar gida ba ce. To 'yar ina ce?

Amma bar tawa. Kaka Fanne ce wai ta ruɗe? Matar da ta jero sunan mata ashirin da shida ba ta yi tuntuɓe ba? Na ce wa Malam ya saurari ko minti goma ne, ya ce shi takarda yake aiki da ita, ba surutu ba. Bulaman ma da ya zo, ko shafi ɗaya ba a karanta masa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar shidan nan. Da kunnena na ji ta ce biyar. In kuskurena ne ki faɗa mini, zan karɓa. Na kwafi maganar a katin memori na naɗe shi cikin wannan takarda. Don Allah ki saurara.

Taki,
Uchechi

*

Nguru,
19 ga Mayu, 2024.

'Yata Uchechi,

Gaisuwa da fatan alheri. Share hawayenki, ki zauna ki karanta wannan a tsanake.

Na saurari katin sau uku a ɗakin malamai bayan an tashi. Kunnenki bai yi ƙarya ba, biyar ta ce. Bulama ma bai yi ƙarya ba, shida ta haifa. Kaka kuma hankalinta ya fi nawa da na Malam in an haɗa.

Ki kunna rana ta biyu, daidai inda ta ce "ta ɗauki lauje". Ki duba agogo. Daƙiƙa arba'in ta yi ba ta ce komai ba, sai ƙarar wuta da kaza. Inda ta ce "bayan sati ɗaya", ya fi minti guda. A takardarki babu ko ɗaya, kin haɗe maganar kamar a guje ta yi ta. Daga yau in tsohuwa ta yi shiru, ki rubuta cewa ta yi shiru, ki rubuta tsawonsa.

Yanzu ki tuna yadda ake kiran mahaifiyarki a kasuwa: Mama Obinna. A wurinku sunan ɗan fari shi ne rawanin uwa, da shi ake kiranta har ta tsufa. A wurin irin su Kaka abin a juye yake. Kin san uwayen ƙawayenki ba sa kiran sunan ɗan fari, wannan kin sha gani. Abin da ba ki sani ba, don ba a yin sa a gaban yara, shi ne tsofaffin da suka riƙe kunyar nan da gaske ko a ƙirga ba sa sa shi. A tambaye su, sai su fara daga na biyu. Ba sa yabonsa, in ma ya zama dole a yi zancensa sai su ce "wancan", su haɗa da ɗan kushe don kada a ga son da ke ciki. "Mai taurin kai." "Ba ta jin magana." Uchechi, yarinyar da ta shiga ruwa da lauje 'yar Kaka ce ta fari. Ita ce ta shidan.

A ƙauye wannan ba ya ɓatar da kowa, don duk wanda ke zaune ya san wa ake nufi. A takarda ne yake kisa. Wanda zai karanta a Damaturu nan da shekara hamsin ba shi da maƙwabcin da zai raɗa masa.

Ban ga laifinki ba. Laifina ne da ban gaya miki ba, na yi ta surutun tabarma da goro na bar babban. Amma Malam Abatcha! Mutumin da ya girma a cikin wannan al'ada, a ce masa biyar, a ce masa shida, a ce masa ga yarinya marar suna a gida ɗaya, bai tsaya ya haɗa ba, sai ya ce tsohuwa ta ruɗe? Ya fi masa sauƙi ya yarda mace ta haukace da ya ba ta minti goma. Tun jiya nake ƙoƙarin hucewa, ban huce ba.

Ga abin da za ki yi. Ki koma, amma kada ki matsa mata ta faɗi sunan. Shekara hamsin tana riƙe da wannan, ba mu da ikon ƙwace mata don littafinmu. Ki nemi ƙawarta ta ƙuruciya, kowace tsohuwa tana da ita. Ki fara gaya wa Kaka gaskiya, cewa an cire labarin, da dalilin cirewa. Sannan ki nemi izininta ƙawar ta yi magana a gabanta. In ta ƙi, mun haƙura, kin ji? Nata ne.

Ki gaishe da Mama. Ki ce mata miyar tana nan a raina.

Malamarki,
Zulaihat

*

Gashua,
23 ga Mayu, 2024.

Malamata,

Barka da war haka. Na koma ranar Talata, ga abin da ya faru.

Na gaya wa Kaka komai, ban rage ba. Da na zo kan maganar ruɗewa sai ta ajiye kifin da ke hannunta.

"Wa ya ce na ruɗe?"

"Wani malami ne a Gashua, Kaka. Bulama ne ya ce masa maza suka yi aikin."

"Bulama? Wanda ya dawo daga Chadi da ƙurajen ƙafa, ya tarar da hanya a buɗe, suka faɗaɗa bakinta kwana biyu suka ci tuwon gayya? Ni na tuƙa tuwon!"

Sai ta ɗaga murya ta kan danga: "Yagana! Ke Yagana! Zo ki ji, wai na haukace."

Iya Yagana 'yar ƙarama ce kamar tsintsiya, haƙori biyu ne a bakinta, muryarta kuwa har bakin ruwa. Tun kafin ta shigo take cewa, "Yau suka sani? Ni shekara saba'in ina faɗa."

Na yi musu bayanin abin da kika ce. Na ce, "Kaka, in kin yarda, Iya za ta faɗi abin da ba ki faɗa ba. In ba ki yarda ba, in naɗe kayana."

Ta juya mana baya ta fuskanci murhu, ta ja gyale ta rufe kai. Iya Yagana ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Kunna abinki, shashasha. Da ba ta yarda ba da tuni ta kore mu da itacen wuta."

Na kunna. Iya ta gyara zama ta ce, "Sunanta Aisa. 'Yar Fanne ce ta fari, a ɗakin uwata aka haife ta, ni na fara ɗaukarta. Shekararta ashirin da huɗu. Ita ta buɗe mana ruwa. Ni ce ta biyu da na bi ta, ba don jarunta ba, don na ji kunya yarinyar da na goya tana ciki ni ina tudu." Ta ba da labarin duka daga nata gefen. Kwana goma sha tara ta ce ita ma. Ta ƙara abin da Kaka ba ta faɗa ba, wai kullum da asuba Kaka ce ke wasa laujen ta ajiye a bakin ƙofa, sannan in yarinyar ta fito ta hau ta da faɗa.

Duk wannan Kaka ba ta juyo ba. Na duba agogo kamar yadda kika koya mini: minti goma sha ɗaya tana juya kifi ɗaya. Da Iya ta gama, sai Kaka ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ni ban ji komai ba, hayaƙi ya toshe mini kunne. Amma 'yar boko, abin da wannan mai bakin ta faɗa, in za ki rubuta, ki rubuta shi a sama. Kada ki sa shi a ƙasa inda yara ke yagewa."

Malama, a kan babur na yi kukana.

Jiya na kai wa Malam sabon rubutun, da shirun da komai. Ya karanta shafin farko a tsaye ya miƙo mini. Ya ce tsarin littafin mace ɗaya murya ɗaya ne, sunan da mai labari ba ta furta ba ba zai shiga da bakin maƙwabciya ba. Ya ce ya san kunyar ɗan fari tun ba a haife ni ba, amma wannan ta cikin gida ce. Duk mace mai hankali in an ce mata don tarihi ne, ga na'ura, za ta ƙirga daidai. Wai mun je mun haɗa wa tsohuwa uzuri ne. Na'urar ma ya karɓe, ya sa a aljihun tebur.

Saura kwana bakwai. Ni ban san abin da zan koma in ce wa Kaka ba.

Ɗalibarki,
Uchechi

*

Nguru,
24 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Malam Abatcha Alhaji.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa irin ta ɗa da uba, da fatan kana lafiya da iyali. Kai ka fara ba ni alli, ba zan manta ba. Saboda haka ne ma zan faɗa maka abin da ke raina ba tare da kwana ba, in na wuce iyaka ka yafe mini.

Malam, ba ka kyauta ba. Mun fara wannan littafi ne don an daɗe ana tambayar maza labarin mata. Sai ga shi mace ta yi awa biyar tana magana, ka ƙi ba ta minti goma, ka kira namiji ka tambaye shi ko gaskiya ta faɗa. Namijin ma wanda yana Chadi sa'ad da abin ya faru. Ka tambaye shi ranar da ya dawo? Ka tambaye shi wace ce ta shidan da ya ce an manta? Da ka yi tambaya ɗaya tak, da shi da kansa ya ce maka Aisa.

Ka ce littafi ba ya ɗaukar "wata yarinya". An kawo maka sunan, ka ce ba daga bakin da kake so ya fito ba. To me kake so tsohuwar nan ta yi? Ta karya abin da ta riƙe tun tana amarya don ta dace da tsarinka, ko ta bar 'yarta ta ɓace? Ita ta samo hanya ta uku: ta juya baya ta bar ƙawarta ta faɗa, ta kuma ce a rubuta a sama. Tsarin mace ɗaya murya ɗaya mu muka zauna muka yanka shi a ɗakin taro, muna shan lemo. Ba saukar da shi aka yi ba.

Maganar Uchechi kuma. Kuskuren da ta yi na rashin sani ne, da aka nuna mata ta hau babur ta koma. Kai ka sani, ka ƙi dubawa. A cikinku wa ya yi aikin ɗan gida?

Ka ce kunyar ta cikin gida ce, mace mai hankali in ta ga na'ura za ta ƙirga daidai. Ba zan yi musu da kai a takarda ba. Hajiya mahaifiyarka tana nan da ranta a Yusufari, Allah ya ƙara mata lafiya, kuma duk wanda ya san ta ya san hankalinta garau yake. Na'urar tana aljihun teburinka. Gobe Asabar. Ka je ka ajiye ta a gabanta, ka yi mata bayanin tarihi yadda ka ga dama, ka tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa. In ta ƙirga daidai, ni da hannuna zan rubuta wa ƙungiya cewa a cire babin, in kuma je ƙauyen in gaya wa Kaka Fanne da bakina.

Allah ya huci zuciyarka, ya ƙara girma.

'Yarka,
Zulaihat

*

Gashua,
27 ga Mayu, 2024.

Malama Zulaihat,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na kuma je.

Na yi wa Hajiya bayani sau biyu, da Kanuri, a hankali. Ta ce ta gane, ita ba yarinya ba ce. Ta ce shida. Ta jero su ɗaya bayan ɗaya, har da biyun da suka rasu suna goye, waɗanda ni kaina na manta sunansu. Mu bakwai ne, ni ne na fari. Ina zaune a gabanta a kan tabarma, da shekara sittin da takwas da furfurata.

Babi na sha huɗu zai shiga da murya biyu, sunan Aisa a sama. Uchechi za ta kai shi ƙauyen ta karanta musu kafin a buga. Na mayar mata da na'urar, na kuma ba ta haƙuri a gaban mahaifinta.

Na kira maɗaba'a na ce su dakata. Akwai sauran babi goma sha tara, kowanne da adadin 'ya'ya a shafin farko, duk ni na sa musu hannu. Ban san mutum nawa muka bari a waje ba. Huɗu daga ciki ke kika ɗauko su da kanki. Ki ɗauko su ki sake ƙirgawa.

Wassalam.

Abatcha